Robar Da Ke Wuyan Kwalba

Kullum da safe, firij ɗin ajiyar magani na ta gurnaninsa, ita kuwa ta riga ta wanke hannu ta zauna a teburinta na bakin taga. Kantin magani ne, amma ba mai shigowa saye. Likita ya turo takarda ta intanet, a haɗa, a naɗe a kwali, mota ta kwashe. Ita ce mai harhaɗa magani da ke duban ƙarshe: likitan nan yana da lasisi? Wannan ƙwaya ba za ta yi faɗa da waccan a cikin mutum ba? Sai ta sa hannu kwali ke fita.

Tana da wata ɗabi'a: in ta ɗauki kwalba sai ta lumshe ido. Abokan aiki su ce, "Mama, gyangyaɗin ya motsa ke nan?" Ita kuwa tafiya take yi. Tana bin kwalin a mota, ta sauka a ƙofar da ba ta taɓa gani ba, ta hango hannun da zai buɗe shi, wani yana rawa, wani da kumfar wanki. Doka ta ce a manna bayani a jikin kwalba, rubutu raɗau. Ita kuma kullum sai ta tambayi kanta, to wa zai karanta masa?

Tambayar nan ce ta haɗa ta da wani tsohon tela da idonsa ya tafi. 'Yarsa tana wurin aiki wuni guda, shi kaɗai ne a gida. Kwalabensa biyu iri ɗaya ne, ƙwayoyin ma kamar tagwaye. Ɗaya na tsinka jini ne, sau ɗaya a rana, in ya wuce haka jini na iya ɓalle masa.

"Baba, zan ɗaura roba a wuyan na tsinka jinin," ta ce masa a waya. "In ka laluba ka ji ta, sau ɗaya ne tak."

"To 'yata, kin ba yatsana ido."

Daga shi ta koma yi wa duk mai raunin gani haka, har sunan Maman Roba ya bi ta, ita ma tana amsawa da dariya.

Shekaru suka tafi a haka, sai 'yarta ta haihu, Mama ta ɗauki hutu. Ranar da ta dawo ta tarar kwalin Baba ya fita da sassafe. Wanda ya duba shi bai karya doka ko ɗaya ba, robar ce kawai ba ta cikin doka. Kwalbar ta tafi ba roba a wuyanta. Ta buga wayar Baba, tana ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta kira direba.

"Mama, ai na miƙa masa hannu da hannu, har na yi nisa."

"Juya, ɗana."

"Ga kwalaye cike da mota fa!"

"Juya. In an yi faɗa, ni za a yi wa."

Direban ne ya ba da labarin abin da ya gani. Ya tarar da Baba zaune, kofin ruwa a gefe, kwalabe biyu a cinya, yana ta shafa wuyansu. Ko ƙwaya ɗaya bai sha ba. Da aka kara masa waya a kunne, abin da ya fara cewa shi ne, "'Yata, na laluba ban ji ki ba. Lafiya kuwa kike?"

Hawaye ya cika wa Mama ido. Bayan nan ba ta huta ba sai da aka sa robar a ƙa'idar aikin kantin.

Ke ce idon wanda ba ya gani, Maman Roba. Ke ce kika ɗauki doka ba ki tsaya inda rubutunta ya tsaya ba, kika raka ta har ƙofar gida.

Ran da ta ajiye aiki, ana cikin ɗan taron sallama, wata mata ta shigo riƙe da hannun wani tsoho. Mama ta ce, "Sannunku da zuwa." Tsohon ya juyo da sauri.

"Ita ce!"

Ya sa hannu a aljihu ya fito da dunƙulen roba kamar lemo, ya laluba tafinta ya ajiye. "Ban taɓa yar da ko ɗaya ba, 'yata."

Mun gode, Mama, Allah Ya saka da alheri. Ku da kuka gaji teburin nan, kafin ku rufe kwali ku tuna akwai hannu a can yana jira. Ita dai ranar ba ta lumshe ido ba, don hannun da ta daɗe tana hange yana cikin nata.