Haruffa Masu Takalmi

Mai Buroshi, kamar yadda kowa ke kiransa a layin, marubucin allunan shaguna ne. Irin haruffa ɗaya ya iya, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba. Masu kauri ne, irin na tsofaffin kwalayen sabulu, kowanne da 'yar ƙafa a gindinsa. Shi yana ce musu masu takalmi. Da su ya rubuta allon mai aski, da na kantin magani na kan kwana. Ƙa'idarsa, in ya gama allo sai ya jingine shi, ya tsallaka titi, ya cire tabarau. In ya karantu daga can, aiki ya yi.

Da shekaru suka ja, masu shaguna suka koma wurin masu bugawa da inji. Bai damu ba, sai da autarsa ta kama shagon ɗinki. Wannan allon kam, so yake ya fito daga hannunsa.

"Baba, ba suna kaɗai ba fa," in ji ta. "Za a sa ɗinkin mata, da na yara, da labule, da lambar waya."

"Auta, allo kike so ko jarida?"

"Ni dai a sa duka. In zai wahalar da kai, sai in kai wa masu inji."

Maganar ta tsaya masa a rai. Ya rubuta sunan shagon a sama, ya zauna daram. Sauran kuwa ya ƙanƙantar da masu takalminsa ya cusa su a ƙasa, alhali ya san ba su son matsi. Fenti ya cike cikinsu, ƙafafunsu suka manne da juna.

Ya tsallaka titi, ya cire tabarau. Sunan ya fito sarai. Na ƙasa kamar jerin tururuwa. Ya mayar da tabarau, abin bai canza ba.

"Malam, na ƙasan nan likita ne ya rubuta?" in ji mai aski daga kan bencinsa.

"Ji da kan da ke gabanka, ka karkace masa ƙeya."

Auta ta ga fuskar mahaifinta. "Baba, bar shi haka. Wanda bai gane ba zai tambaya."

"Mai wucewa ba ya tsayawa tambaya, wucewa yake."

Ya shafe rabin ƙasa da farin fenti. Da ya bushe, shi da kansa ya saɓa allon zuwa wurin masu inji, inda bai taɓa sa ƙafa ba. Ya ce su yi na ƙasa da siraran haruffansu, na sama kuwa kada wanda ya taɓa.

Allon na nan a rataye. Sunan ne ke tsayar da mutum daga tsallaken titi, in ya matso sai ya karanta labule da lambar waya.