Kabarin da Babu Shi Sai a Takarda

Lokacin da na zo birnin Sabha, can ƙetaren sahara, daga Damagaram ni mai fentin gidaje ne, matashi mai son a yabe shi. In babu aiki sai in zauna a ɗakinmu na haya a unguwar Manshiya da ɗan akwatin fentin ruwa irin na 'yan makaranta. A hankali 'yan'uwanmu baƙi suka ɗora mini wani aiki: in ɗayanmu ya rasu, sai in zana kabarinsa, in rubuta sunansa da ajami, a ba mai komawa gida ya kai wa iyaye, su ga ɗansu ya samu sutura.

Ana haka abokina na ƙuruciya ya rasu a sahara yana hanyar zuwa wurina. Direban motarsu ya ce ƙishirwa ce, sun tura masa yashi sun wuce, ko shi ba zai gane wurin ba. Na kasa aika wa mahaifiyarsa wannan magana, tsohuwar da na ci tuwonta ya fi a ƙirga. Sai na zana kabari a gindin dabino, ruwan lambu na gudana a gefe, na rubuta cewa a Samnu yake, wani gari kusa da Sabha, mun yi masa salla, na aika mata takardar. Ban taɓa zane mai kyansa ba, har na yabi kaina, Allah ya yafe mini.

Bayan shekara biyu ƙanensa ya yi mini sallama, takardar naɗe a leda. Ya ce tsohuwa ta sayar da awakinta don ya zo ya yi wa yayansa addu'a. Da na faɗi gaskiya ranar, da na huta, amma kunya ta rufe mini baki. Na kai shi maƙabartar Samnu, na nuna masa kabarin wani bawan Allah da ban sani ba. Ya tambayi dabinon, na ce an sare. Ya yi kuka, ya ɗebi ƙasar ya ƙulle a bakin rawaninsa.

Bara tsohuwa ta rasu. Ya kira ni ya ce, "Yaya, mun cika wasiyyarta. Mun zuba ƙasar a kabarinta, ta kwanta da ɗanta."

Na ɗauka tausayinta na ji, ashe kukanta nake gudu. Don Allah, duk wanda aka ba saƙon mutuwa ya isar da shi yadda yake, komai ɗacinsa. Da gaskiya na faɗa, da ta yi kuka ta dangana. Yanzu wadda zan nemi gafararta tana ƙasa, kuma da ƙaryata aka rufe ta.