Mai Agogo da Notuna Huɗu

Shekara talatin da biyu Mai Agogo ya yi a shagonsa na ƙarƙashin matakalar bene, gilashi maƙale a idon dama, yana juya notunan da sai da hantsaki ake ɗaukarsu. Da mutane suka koma duba lokaci a waya, sai aiki ya ja baya.

Wata safiya 'yarsa ta fari, mai zanen gine-gine, ta shigo da kwamfutarta rungume, tana haki.

"Baba, na shiga uku! Ƙwaƙwalwarta zafi take yi, ta mutu a tsakiyar aiki. Na sayo abin sanyaya ta da ruwa, amma ya ƙi zama."

Ta nuna masa wani ɗan tubali na jan ƙarfe, da tiyo biyu da ruwa ke bi. A kan ƙwaƙwalwar ake ɗora shi ya riƙa janye zafi. Sai dai ƙarfen da zai danne shi an yi shi ne don wani samfuri, ramukansa sun saɓa da na allon cikin kwamfutar, wanda ƙwaƙwalwar ke kai. Masu gyara uku sun ce ta haƙura.

Mai Agogo ya auna, ya sake aunawa, sai ya tuntsire da dariya.

"Uwata, milimita uku ne fa suka sa ki rama haka?"

Ya jawo bayan wani tsohon agogon bango, ya yanko ƙarfe mai ƙafa huɗu, ya huda, ya bi shi da magagari har ya yi sumul. Kowane noti ya saka masa sifirin, 'yar murɗaɗɗiyar waya mai lotsawa ta dawo.

"Sifirin na mene ne kuma, Baba?"

"In kin matse da ƙarfi, allon ya tsage. In kin sassauta, zafi ya ƙi fita. Wannan shi zai raba gardama."

Ya ɗaure notin sama, ya tsallaka na ƙasa da ke kallonsa, rabin juyi-rabin juyi, harshe a waje. Ta kunna, ta buɗe zanenta mafi nauyi. Da can zafin kan haura digiri casa'in. Yau ya hau hamsin da huɗu, ya tsaya cak.

"Baba! Ya tsaya! Wallahi ya tsaya!"

Dattijon ya miƙe yana tafi, har ya ture kujera. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo a guje, ya zaci gobara ce.

Ta ɗauki hoton ƙarfen ta tura wa abokan aikinta. Kafin mako ya zagayo, ɗaya daga cikin masu gyaran nan uku ya iso da alluna bakwai, yana sosa ƙeya.

"Baba, a koya mana."

"Jawo benci," in ji Mai Agogo, yana naɗe hannun riga. "Amma fara wanko hannunka tukuna."

Yanzu samfurin allon kwamfuta goma sha ɗaya ya haddace ma'auninsu da ka, yana neman na sha biyu.