Abin da Malam Sabo Bai Karanta Mini Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 9 ga Satumba, 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Sabo Utai a gidansa da ke Wudil. Ni ina kwance a wani asibiti a Kano, an naɗe mini ido. Sai bayan kwana uku aka gaya mini.

Malam Sabo, shekara arba'in da ɗaya muna tare, tun muna koyarwa a firamare. Da matata ta rasu, kai ka hana ni cin abinci ni kaɗai. Da asibiti suka daina ba da kati, suka ce kowa ya duba bayanansa a manhajar waya, ni ba ido ba waya, ka ce a sa nawa a taka. Kai kake karanta mini awon jini da na sukari, kana tsokanata: "Garzali, wayar ta ce ka rage shan shayi a gidan mutane." In na ce to naka fa, sai ka jefa ta aljihu: "Nawa lafiya lau."

Mun yi alkawari, wanda ya rage a cikinmu shi zai yi wa ɗan'uwansa wanka.

Jiya 'yarka Hansai ta buɗe mini wayar don a cire bayanaina. Da idon da aka gyara na karanta naka da kaina. Ciwon dajin hanta, wata goma sha huɗu. A ƙarshen Agusta likita ya rubuta cewa babu sauran magani, a koma gida. Washegari ka nema mini ranar aikin ido, ka matsa sai na tafi.

Ka sani, Malam. Hansai ta ce, "Baba, ba ya so ka ga yadda ya koma." Ai ni ba gani nake ba a lokacin. Hannu nake da shi, kuma aikin hannu na yi maka alkawari. Wasu suka yi maka wankan.

An ce liman ya roƙi jama'a su yafe maka, kowa ya amsa. Ni ba na wurin. Tun jiya bakina yake faɗin na yafe, zuciyar ba ta bi ba tukuna. Allah Ya ara mini kwanakin da za ta bi.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, kada Ya kama ka da haƙƙina. Hansai da sauran iyali, Allah Ya ba ku haƙuri. Ni ma ku roƙa mini.

Garzali Dagumawa