Layin da na tsaya ranar ƙato bayan ƙato

Ni ne mai laifi a wannan labarin. Gara in faɗa tun farko, kada wani ya karanta rabi ya fara tausaya mini.

Shekarun baya, lokacin ina da ɗan shagon ɗinki a Wurno, akwai wani shirin siyasa mai dogon zango da ake yayi. Duk ranar da na shiga Birnin Kudu sayen zare, sai na biya wurin masu tura finafinai an sa mini sabon kashi a waya. Bayan la'asar mu jingina wayar a jikin keken ɗinki, ni da abokina, mu kalla. Wannan abokin tare muka tashi, rana ɗaya aka yi mana kaciya, gonarsu tana jikin tamu.

A cikin shirin akwai wani mai ba gwamna shawara, shi ne ya tafi da hankalina. Da safe zai je asibiti duba mahaifiyar abokin hamayyarsa, ya durƙusa gaban gadonta yana addu'a har idonsa ya kawo ruwa, kuma ka ga da gaske yake. Da yamma ya zauna a ofis ya shirya yadda za a tsige ɗan nata. Sai a bi shi har ɗakinsa, a nuna shi zaune a bakin gado ya kasa cin abinci. Ba ka iya ce masa mugu, ba ka iya ce masa mutumin kirki. Ni da karatuna bai wuce ƙaramar sakandare ba, sai na ga kamar wata makarantar aka buɗe mini.

"Ka ga namiji," nakan ce wa abokina. "Wannan shi ya san duniya."

"Munafuki ne dai mai tsada," in ji shi. "Kuka ba ya wanke cin amana."

"Kai ba ka iya kallo ba. Kai sai mutum ya zama fari tas ko baƙi ƙirin. Ai ɗan Adam ba yadi ba ne."

"To tela, Allah ya ba da sa'a."

Har tafiyar mutumin na ara, hannu a baya, magana ƙasa-ƙasa. In wani ya zo karɓar ɗinkin da ko yankawa ban yi ba, sai in daɗe ina kallonsa kafin in ce masa komai da lokacinsa.

Ana nan sai dattawan unguwarmu suka matsa wa abokina ya nemi takarar kansila, don shi ne mai bin gyaran famfo da kai marasa lafiya asibiti. Ya same ni a shago ya ce, "Ni ban iya magana ba, ka sani. Kai ne bakina, kai ne ƙafata." Na amsa. Ni na bi majalisa-majalisa ina tara masa mutane.

Wanda suke neman tikitin tare ƙanin wani Alhaji ne. Saura kwana kaɗan Alhajin ya aika a kira ni. Ya rufe ƙofar zaure, ya rage murya.

"Malam tela, kai mai hankali ne. Abokinka mutumin kirki ne, amma kirki ba ya kawo kujera. Ka zo da mutanenka, kai ne sakataren mazaɓa."

Wallahi ba muƙamin ne ya fi jan raina ba. Rufe ƙofar nan ne, da rage muryar. Sai na ji ni a cikin shirin. Na gaya wa kaina abokina faɗuwa zai yi ko da ni ko ba ni, in ina ciki zan fi yi masa amfani. Kuma an ce da takarda za a yi zaɓen, kowa ya jefa tasa a akwati, wa zai san ta wani? Na bi wasu daga cikin mutanena na raɗa musu a kunne.

Ranar zaɓe da hantsi muka taru a filin firamare. Sai waɗanda jam'iyya ta turo suka ce takardu ba su iso ba, ƙato bayan ƙato za a yi. Ɗan takara ya tsaya a gaba, masu sonsa su yi layi a bayansa, a ƙirga kawuna.

Abokina ya fito ya tsaya, sanye da rigar da na ɗinka masa. Ya waiwayo yana nemana a cikin taro, da ya hango ni ya ɗaga hannu yana murmushi, ya nuna mini bayansa. Ni yake so na farko. Can gefe kuma Alhaji na zaune a mota, gilashi a ƙasa, yana kallona.

Ba zan ce ban samu lokacin tunani ba. Na samu. Na sa hannu a baya na taka zuwa ɗaya layin, waɗanda na yi wa raɗa suka biyo ni. Da aka gama ƙirga, ratar da aka ba abokina ba ta kai yawanmu ba.

Na kwana biyu ina jiran ya zo ya zage ni, har jawabin da zan yi masa na shirya. Bai zo ba. Da muka haɗu a hanyar masallaci sai ya ce, "Malam, ina kwana," ya wuce. Tun da muke bai taɓa ce mini Malam ba. Muƙamin sakatare kuwa ban gan shi ba. Daga baya aka gaya mini Alhaji ya ce wanda ya bar abokin kaciyarsa a tsakiyar fili, su da me zai riƙe su? Da kaka ta yi, abokina ya bar wa ƙaninsa gona ya koma Gwaram wurin dangin mahaifiyarsa.

Na daɗe kafin in gane abin da ya sa muke son irin mutumin can na shirin. Ana bin sa har ɗaki ne a nuna mana damuwarsa, sai mu yafe masa tun kafin ya roƙa. Ni ba wanda ya bi ni ɗaki. Inda na tsaya kawai mutanen Wurno suka gani, kuma ya ishe su. Sannan shirin bai taɓa bin wanda aka tsige zuwa gidansa ba, mu ga da wane ido zai kalli matarsa. Abin da ya fi ci mini rai, har yau in na zauna kallo, irin waɗannan mutanen ne ke burge ni.

Bayan shekaru mahaifiyata ta kwanta rashin lafiya. Abokina ya taso tun daga Gwaram ya duba ta, ya daɗe a ɗakinta suna hira, ya fito ya yi mini ya mai jiki kamar a tasha muka san juna. Da ya tafi ta kira ni.

"Har yanzu jira kake ya zo ya zage ka don ka samu ta cewa? Ba zai zo ba. Babur ɗinka lafiyarsa ƙalau."

Washegari na tafi. Na same shi a rumfar ƙofar gida yana ɓarar gyaɗa. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya kawo ruwa. Na gyara murya na fara, "Ka san a lokacin yadda al'amura suka kasance..."

"In bayani ka kawo," ya ce, bai ɗago kai ba, "sha ruwanka ka kama hanya tun da sauran rana."

Na ajiye kofin. Na sauka daga tabarmar na zauna a ƙasa.

"Ban kawo ba. Ka nuna mini bayanka a gaban mutanen garinmu, na wuce ka ina sane. Ba wanda ya tilasta ni, ba kuma don amfaninka na yi ba. Na ci amanarka. Don Allah ka yafe mini."