Ranar da Malamai Suka Tafi Shuka

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ɗaliban kwalejinmu suka rubuta jarrabawarsu ta farko ba, ko da yake ranar ban ko leƙa ajin ba.

Jama'ar garinmu, a yankin Kudan, su suka gina kwalejin da kansu. Wani ya ba da fili, wani bulo, wani kwanon rufi. Ina cikin malaman farko. A lokacin hukuma ba ta amince da mu ba tukuna. An ce masu sa ido za su zo daga Zariya su gudanar da jarrabawar, in sun tarar da aji cike a ba mu izini, in ba haka ba a rufe makarantar.

Ana gobe jarrabawa, da la'asar, ruwan shuka ya sauka bayan dogon jira. Ɗalibanmu 'ya'yan manoma ne, wasu ma magidanta. Kowa ya san inda za su nufa da safe.

Shugabanmu, wani tsohon hedimasta, ya shiga bin gidaje yana roƙo. Dattijon da ya ba da filin ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, takarda ba ta bushewa, ƙasa tana bushewa. In ɗana ya tafi aji, wa zai riƙe sungumi?"

Shugaba ya ce, "Mu malamai, Baba."

Washegari muka naɗe wanduna, muka rarrabu gonakin iyayen ɗalibai. Teloli da 'yan acaɓa suka ji labari suka biyo mu, abu ya zama gayya. Ni gonar dattijon na faɗa. Ina sara, yana biye yana jefa irin masara, yana tambayata ko da wannan hannun nake koyar da ɗansa. Kafin azahar tafin hannuna ya yi bororo. Can kuwa aji ya cika, ba wanda ya yi fashi. Bayan damina izini ya fito.

Da masarar ta tsiro, layukana duk a karkace suke. Dattijon ya hana a gyara, duk baƙon da ya zo sai ya kai shi ya ga "layin malamai".

Tun daga ranar na gane cewa makarantar da ke son 'ya'yan manoma su zauna a ajinta, dole ita ma ta san hanyar gona.