Baba Wada, Wanda Ya Fasa Komawa Gida Saboda Leɓena

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga Safar, 1376, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran mahaifina, Malam Wada Basakkwace, mai sayar da ruwa a unguwar Jarwal da ke Makka. Ni ne ɗansa Ja'afaru. Na rubuta wannan ne domin in na miƙe a gaban jama'a, kaɗan ne za su gane abin da nake faɗa.

Baba, hajji ka zo yi ka koma. Kai da Inna Asiya kun tako daga Sakkwato ta Sudan, kun sauke farali, ayarinku na ɗaure kaya aka haife ni, leɓena na sama a tsage har hanci, ganɗata a buɗe. Ba na iya kama nono. Inna da cokali take ɗiga mini, rabi ya dawo ta hanci. Abokan tafiya suka ce jaririn nan ba zai kai ko tashar jirgin ruwa ta Sawakin ba. Ka ce musu, "Ku gaida gida. In ya yi ƙwari muna tafe."

Na yi ƙwari, ba mu tafi ba. Ka ji an ce cikin likitocin da ke rako alhazai akwai masu ɗinke irin wannan. Daga nan kowace shekara, lokacin da 'yan'uwanka masu ruwa ke cin kasuwarsu, kai kana bin tantuna a Mina riƙe da hannuna, kana cewa da guntun Larabcinka, "Ya daktor, shuf waladi," wato likita, dubi ɗana. Wasu su duba su girgiza kai, wasu ko ɗagowa ba sa yi. Sauran watannin kuwa a ɗaki nake wuni, don yaran unguwa suna kwaikwayon muryata. A nan ka koya mini karatu da rubutu.

Ina da shekara sha ɗaya wani likita Bamisire ya yarda. Kai ka riƙe ƙafafuna har barcin magani ya ɗauke ni. Da aka kwance ƙyallen, ka daɗe kana kallona, sannan ka fita waje don kada in ga hawayenka. Likitan ya ce ganɗar sai baɗi, zai taho da kayan aikinta.

Bai dawo ba. Ka jira shi baɗi, ka jira baɗin baɗaɗa. Saƙo ya zo cewa mahaifiyarka na kiranka, ka ce in ka tafi likitan ya zo fa? Ta rasu ba ka gan ta ba. Inna ma ta rasu a nan. Da ƙafafunka suka gaza, sai ka zauna a ƙofar ɗaki kana tambayar kowane sabon alhaji ko an yi damina a Sakkwato.

A ciwonka na ƙarshe ka kama hannuna ka ce, "Ka yafe mini, ban ƙarasa maka ba." Na amsa maka, amma kuka ya haɗu da muryata, ban sani ba ko ka gane. Baba, babu abin yafewa. Ni na tsare ka a nan.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya haɗa ka da mahaifiyarka da Inna a Aljanna. Ina yi wa ƙanwata Ramlatu ta'aziyya, da mutanen Jarwal, da danginmu na Sakkwato waɗanda ban taɓa gani ba. Duk alhajin da zai koma can, don Allah ya gaya musu Wada bai manta da su ba.